Ranar Zubin Rufin Atif

Shahata ya yanka rago ranar da za a zuba rufin ɗansa Atif. Ya yanka shi a bakin ƙofa bayan sallar asuba, ya tsoma tafinsa a jinin ya manna a bango, kamar yadda ubansa ya yi lokacin da aka gina ƙasan gidan. Ya wanke wuƙa ya miƙa wa 'yarsa Sabah, mata suka ja naman ciki.

Ƙasan gidan nasa ne da matarsa Nabawiya. Hawa na biyu na babban ɗansu Gabir ne, mai aiki a Alƙahira. Na ukun ake so a rufe yau. Atif ya yi shekaru a Libiya yana manna tayil a gidajen mutane, kuma duk abin da ya tara ga shi nan a fili: rodi a ɗaure kan katako, yashi da tsakuwa sun toshe lungu, buhunan siminti jingine da bangon maƙwabta. Uban yarinyar da zai aura ya ce ba a maganar rana sai an ga rufi. Ba wanda ya ga laifinsa. Haka ake yi.

Kafin rana ta fito masu zubi suka iso, tarakta na jan injin kwaɓi a bayansu. Shugabansu Hindawi ne, wanda kowa ke kira Ma'allim, gajere mai faɗin ƙirji. Aka tayar da inji. Maza suka jeru da kwanonin kankare a kafaɗa, suna hawa gadar katako suna juyewa suna saukowa, ɗaya na ba da waƙa sauran na amsawa.

Zubin rufi ba a tsayar da shi. In an fara sai an kai ƙarshe, domin kankaren da ya bushe ba ya karɓar ɗanye, kuma inda suka haɗu nan zai tsage, ko bana ko baɗi. Kowane yaro a ƙauyen ya san wannan. Ga shi watan zafi ne, siminti na kamawa kafin mutum ya gama shan shayi.

Shahata ya tsaya ya ga aiki ya miƙe, sannan ya shiga ɗakin matarsa.

Nabawiya na kwance kusa da taga. Ciwon daji ya fara mata daga nono, yanzu ya shiga ƙashi. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Da ta ji takunsa ta juyo.

"Ga mai gadin gwamnati nan," ta ce.

Ya zaro makulli daga aljihun jallabiyarsa ya buɗe ƙaramin kabad na bango. Ya ɓallo ƙwaya ɗaya, ya zuba ruwa daga tulu, ya tallafi kanta ta haɗiye. Ya mayar da katin ƙwayoyin ya kulle.

Tiramadol ne. Shi kaɗai ke sa ta iya kwanciya a kan bayanta. A da ana sayensa a kowane kanti kamar alewa, har direbobi da leburori suka mayar da shi abin karya kumallo. Gwamnati ta tashi ta kulle shi. Tun daga nan mai kantin maganin ƙauyen ya daina ajiyewa, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a gidan yari ba. Sai a asibitin masu ciwon daji da ke birnin Suhaj ake samu, da sa hannun likita, da katin shaidar mara lafiya, a ba ka na kwanaki ƙididdigaggu, ba ƙari ba ragi. Shahata ke zuwa. Yakan tashi da duhu, ya tsaya a layi har ƙafafunsa su kumbura. Wanda ke cikin kabad ɗin bai daɗe da karɓo shi ba, ranar komawa da saura.

"Suna waƙa," Nabawiya ta ce. "Buɗe min tagar sosai."

"Ƙura za ta shigo."

"Ta shigo. Na haɗiyi ƙurar hawa biyu ban mutu ba, Abu Gabir. Wannan ce ta ƙarshe."

Ya buɗe. Ta lumshe ido tana bin waƙar da yatsa a kan bargo.

Da hantsi waƙar ta fara sanyi. Kafin a kai rabin rufin ta mutu gaba ɗaya. Shahata na zaune a benci a ƙofar gida yana kallo. Masu ɗauko kwano sun koma jan ƙafa. Wani na ta hamma, hawaye na zuba masa. Wani hancinsa na yoyo a cikin wannan zafin. Wani dogo ya ajiye kwanonsa a tsakiyar gada ya zauna ya rungume gwiwoyinsa yana karkarwa. Daga nan inji ya yi shiru.

Hindawi ya zo ya tsuguna a gefen bencin, ya ciro taba ya miƙa. Shahata ya girgiza kai.

"Allah ya sa albarka a gidan, Haj Shahata."

"Amin. Me ya kashe inji?"

"Inji lafiyarsa lau. Mutanen ne ba mai."

"An kai musu shayi. Nama na kan wuta."

"Ba shayi nake nufi ba, ka sani." Hindawi ya waiwaya, ya rage murya. "Wanda ke kawo mana ƙwaya aka kama shekaranjiya a kan gadar kogi, shi da kayansa. Jiya muka karkaɗe abin da ya rage. Na aika har ƙauyuka biyu, babu. Kowa ya ɓoye nasa."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Ma'allim. Da ka faɗa da an ɗaga ranar."

"Na ɗauka za su jure. Wallahi na ɗauka za su jure. Dube su."

Shahata ya duba.

"Kowa ya san Hajja Nabawiya na karɓa daga asibiti," Hindawi ya ce. "Allah ya ba ta lafiya. Aro nake nema. In kaya sun shigo in mayar har da ƙari."

"Tashi daga nan."

"Haj, ka saurare ni."

"Na ce tashi. Ubana ya zuba rufin nan na ƙasa da albasa da gurasa a cikinsa. Shi da 'yan'uwansa. Ba inji ma a lokacin."

"Allah ya jiƙansa. Sau nawa ya zuba rufi a rayuwarsa? Ɗaya? Biyu? Waɗannan kullum ne, Haj. Yau naka, gobe na wani, rani da hunturu. Taɓa kafaɗar yaron can ka ji, kamar bayan raƙumi. Ba maye muke nema ba. Wa ya taɓa ganinmu muna layi a hanya? Aiki muke."

"To ku yi aikin."

"Da wace ƙafa?"

"Wannan kuma tsakaninka da mutanenka. Matata in ba ta sha ba ihu take yi har a jiyo ta a masallaci. Ka taɓa ji?"

Hindawi ya sunkuyar da kai. "Na taɓa ji," ya ce. Ya miƙe yana karkaɗe ƙura. "Ni dai na faɗa maka. Abin da aka zuba yana kamawa. In aka kai azahar a haka, sai dai a sa guduma."

Atif na tsaye a bayansu, ya ji komai. Siminti ya yi masa fari a gashi da gira. Da Hindawi ya wuce sai ya matso.

"Abuya," ya kira ubansa.

"Kada ka buɗe baki."

"Ban ce a ba su duka ba. Rabi. Gobe da kaina zan je birni in..."

"Ka je ka ce musu me? Ka taɓa tsayawa a tagar maganin asibitin nan? Ƙwaya ɗaya ta faɗi a ƙasa ta shige ƙarƙashin kabad, na je na roƙa, ba su musanya ba. Uwarka ta kwana tana cizon matashi."

"Shekaruna ne a kan katakon nan, Abuya. In aka fasa, ba ni da na sake saye. Komawa Libiya zan yi."

"Ka koma. Libiya na nan. Uwa ɗaya ce."

Atif ya juya fuska.

Shahata ya miƙe. Ya cire jallabiyarsa ya rataye a ƙusar bakin ƙofa, ya rage daga shi sai 'yar ciki da dogon wando. Ya je ya ɗauki kwanon da dogon nan ya yar.

"Tayar da injin," ya ce wa mai inji. "Kai Atif, ɗauki ɗaya. Kira 'ya'yan kawunka. Gidan nan ba a fara shi da ƙwaya ba."

Aka tayar. Maƙwabta biyu uku suka ji kunya suka tuɓe su ma. Shahata ya sa kafaɗa aka loda masa. Ya haura saba'in, amma ya yi noma duk rayuwarsa, bai yarda akwai nauyin da zai gagare shi ba. Hawan farko ya kai. Na biyu ma ya kai. Daga nan gadar ta fara yi masa tsawo. Kankare na zubo masa a wuya yana cin fata. Leburorin Hindawi na zaune a inuwa suna kallonsa, ba mai dariya. Wasu suka yunƙura suka ɗauki kwano, suka yi sawu ɗaya suka koma suka zube.

Ya daina ƙirga sawu. A wani hawan ya juye kwanon, ƙafafunsa suka ƙi juyawa. Ya zauna a kan katako can gefen rufin, inda ba a kai ga zubawa ba, ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka. Daga nan yana hango gonakin rake har bakin Nilu. Ya dubi abin da shi da maƙwabta suka zuba. Bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Gefen tsohon zubin ya fara yin fari.

Ya daɗe a wurin, kansa a tsakanin gwiwoyi. Ba wanda ya hau ya dame shi.

Sai ya ji waƙa.

Murya ɗaya ce ta fara, sauran suka amsa. Gada ta fara girgiza. Dogon nan da ke karkarwa ɗazu shi ne ya fara bayyana, kwano cike a kafaɗa, yana taku kamar ɗan maraƙi. Na bayansa na tura shi yana cewa, "Matsa, jikan jaki, ko a nan za ka kwana?" Suka juye suka juya da gudu. Ba wanda ya kalli inda Shahata yake.

Ya sauka a hankali, yana dafa itace. A bakin ƙofa ƙusa na nan, jallabiya babu.

Ya same ta a ninke a ƙarshen gadon Nabawiya. Kabad a buɗe. Sabah na tsaye a jikin bango, da ta ga ubanta ta ja mayafi ta fice.

"Ni na ce Sabah ta shigo da ita kada siminti ya ɓata," Nabawiya ta ce.

Ya leƙa kabad ɗin. Ya sa hannu ya shafa har lungu.

"Duka?"

"Ma'allim ya ce na asibiti ba shi da ƙarfi. Ɗaya ba ta yi wa mutum ɗaya komai."

"Atif ne ya shigo?"

"Ni na kira Ma'allim ta tagar nan da ka buɗe min. Yaron bai sani ba sai da aka gama rabo. Kada ka taɓa shi."

Shahata ya tsaya a tsakiyar ɗaki, siminti na bushewa a jikinsa.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na fi ka sani. A jikina yake."

"Ta yamma ma ba ki rage ba."

"In na rage ɗaya, gobe fa? Gara in san na shiga." Ta gyara kwanciya, ta ɗan cije leɓe. "Zauna, Abu Gabir, kana tsaye a kaina kamar mai karɓar haraji. Na gan ka a kan gadar can. Ka ɗauka ban gani ba? Tsoho da kai, ƙafafu kamar sillen kara. Da ka faɗo, wa zai je min Suhaj?"

"Ba ke za ki yanke wannan ba."

"To wa? Likita ya faɗa maka abin da ya faɗa maka a bayan ƙofa, ka fito kana min maganar farashin taki. Ni ba yarinya ba ce. Ba zan ga 'ya'yan Atif ba. Rufinsa dai zan iya gani. Ciwon nawa ne, na sayar da abina."

A waje inji na ruri, waƙa na ta hawa da sauka. Shahata ya ɗauki jallabiyar ya zura a kan dattin jikinsa. Ya buɗe akwati ya ɗauki katin shaidarta.

"Ina za ka da tsakar ranar nan?"

Ya sa katin a aljihu ya fice.

A bakin titi ya tari ƙaramar bas mai zuwa birni. Ya samu wuri a gaba, kusa da direba. Hanya ta bi gefen magudanar ruwa, ta ratsa rake, ta ratsa kasuwar wani ƙauye inda aka tsaya ana jayayya da mai keken jaki. Wata mata a baya na ba da labarin bikin ƙanwarta. Shahata na kallon rana. Ƙwayar safe takan riƙe Nabawiya zuwa la'asar, in an yi sa'a.

Layin tagar magani ya ragu da ya isa asibiti, ana shirin rufewa. Tagar na da ƙarafa kamar ta ofishin 'yan sanda. Matar da ke bayanta ta san shi, Ammu take ce masa, wato baffa, mai tabarau ce, ba ta kai shekarun Sabah ba. Ta dube shi daga rawani zuwa wuya, inda siminti ya ƙone masa fata.

"Ammu Shahata? Ai ranarku ba ta yi ba. Lafiya? Hajja fa?"

"Tana nan. Maganin ne babu."

"Babu kamar yaya? Ya ɓata?"

Shahata bai iya ƙarya ba. Bai taɓa koya ba, yana kuma ganin ya tsufa da fara koyo.

"Bai ɓata ba. An sha."

"Ita ta shanye? Duka?" Ta miƙe tsaye. "In haka ne maza a kawo ta, wannan kisa ne."

"Ba ita ba. Yau muke zubin rufi, sai masu..."

"Tsaya." Ta ɗaga hannu. Ta waiwaya bayanta, ta matso da fuskarta jikin ƙarafan. "Kada ka ƙarasa, Ammu. Ban ji ba. In na ji dole in rubuta, in na rubuta za a cire sunanta, kai kuma a kira ka. Ka gane?"

Ya gane.

"To ki ba ni na kwana biyu. A cire daga na gaba."

"Ba ni da iko. Kowace ƙwaya a ɗakin nan ƙirga ta ake yi safe da yamma. In ɗaya ta yi ƙafa, ni ce zan kwana a wani wuri, ina da 'ya'ya ƙanana."

"Likita fa?"

"Ko ya sa hannu ba za ta fita ba sai ranarta. Gado kuma babu, da na ce a kwantar da ita a yi mata allura. Mutane na kwance a baranda." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ka san abin da ke ba ni haushi? Don masu shan ta a titi aka sa ƙarafan nan. Su kuma ba su taɓa zuwa tagar nan ba. Ku ne ke zuwa."

Ta tura masa wani kwali ta ƙarƙashin ƙarfe.

"Wannan na ciwon jiki ne. Ba zai yi wani abin kirki ba, amma ka ba ta bayan ta ci wani abu. Ka dafa ruwa ka sa a kwalba ka ɗora mata a baya. Kuma don Allah, Ammu, kada ka saya mata na titi. Ba wanda ya san abin da ke ciki. Jikinta ba zai ɗauka ba."

Ya karɓi kwalin. Ya ɗaga mata hannu kawai.

A tasha ya sake samun gaba. Direban wani ne daban, saurayi mai jajayen idanu, da kofin shayi a maƙale jikin sitiyari. Suna fita gari ya laluba cikin safarsa, ya ciro wani abu ja a leda, ya ɓalla da haƙori, ya kora da shayi. Ya yi shi a sarari kamar mai cin gyaɗa.

Shahata ya kalli titi. Ya kalli rake. Ya tuna abin da mai tabarau ta ce, ya kuma tuna daren da Nabawiya ta ciji matashi har auduga ta fito. Tun da yake bai taɓa roƙon wani abu a hannun wanda ya haifa ba, balle wannan baƙon yaro. Sun wuce ƙauye guda kafin ya iya.

"Ɗana."

"Na'am, Haj."

"Abin nan da ka sha. In akwai wani, ina so."

Direban ya dube shi, ya dubi madubi, ya sake dubansa. Tsoho mai tsabtataccen rawani, wuya duk ƙuna, ya fito daga unguwar ofisoshi.

"Wane abu?"

"Wanda ka ciro daga safa."

"Maganin ciwon kai ne, Haj. Rana ta dake ni." Ya yi dariya da ƙarfi don na baya su ji. "Ku ji min tsoho! Wa ya aiko ka? Ka ce musu ni ko taba ba na sha."

"Ba wanda ya aiko ni. Matata ce..."

"Allah ya ba ta lafiya. Kowa matarsa ce. Wancan makon wani ya ce uwarsa, yanzu abokina na gidan yari." Ya ƙara sautin rediyo.

Shahata ya koma kallon titi har inda zai sauka. Kwalin na cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu.

Rana ta yi ƙasa lokacin da ya shigo lungu. Tun daga nesa ya jiyo guɗa. Inji a kashe, an wanke shi yana ɗiga. Masu zubi na zaune a tabarmi sun kewaye manyan tire na shinkafa da gurasa da romon rago, suna ci suna zolayar juna. Maƙwabta na ɗaga kai sama suna cewa ma sha Allah. Da aka gan shi surutun ya ragu.

Hindawi ya taso, hannunsa da maiƙo.

"An gama, Haj. Sumul, ba tabo. Ka ɗora hawa biyu a kai in ka so." Ya kasa haɗa ido da shi. "Alherin Hajja na wuyana. Kaya na shigowa zan kawo da kaina."

"Yaushe?"

Hindawi ya buɗe hannuwa. "Allah ne masani."

Shahata ya wuce shi.

Atif na zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin uwarsa, bai wanke jiki ba, bai ci komai ba. Ya miƙe da ya ga ubansa, ya dubi kwalin, ya dubi fuskarsa, ya koma ya zauna.

A ciki Sabah ta rufe taga don kada baƙi su ji. Nabawiya ta juya ta gefe ta naɗe kamar jariri, bakin mayafinta a tsakanin haƙora. Gumi ya jiƙa matashi. Ba ta fara ihu ba tukuna. Wani sauti ne ke fita ta hancinta a hankali, yana zuwa yana komawa.

"Dafa ruwa," ya ce wa Sabah. "Ki zuba a kwalba."

Ya ja kujera ya zauna. Ya ɓallo biyu daga kwalin, ya tallafi kanta. Ta saki mayafin ta haɗiye, ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta san amsar tun da ta ga launinsu.

"Sun hana," ta ce.

"Sun hana."

"Na faɗa maka... da ka zauna ka ci nama." Ta ja numfashi, ta jira abin ya wuce. "An gama?"

"An ce an gama."

"Ka gani?"

"Ban duba ba."

Guɗa ta sake tashi a waje. Wani na kiran sunan Atif, ana neman ango ya fito. Nabawiya ta laluba ta kama hannun rigarsa. Yatsunta ba nauyi, amma riƙon da ƙarfi.

"Hau ka gano min. Gadar na nan ba su cire ba. Ni ba zan iya ba, ko an ɗauke ni. Ka hau ka duba shi daga wannan gefe zuwa wancan, ka zo ka faɗa min yadda yake."

Shahata ya tsoma tsumma a ruwan tulu ya matse, ya goge mata goshi. Ya goge wuyanta. Daga bakin ƙofa Atif ya ɗago kai yana jira.

"Abu Gabir. Don shi na yi. Hau mana."

Ya ninke tsumman ya ɗora mata a goshi, ya gyara zama a kujerar.

"Ba zan hau ba," ya ce.